Sunan 'Yar Fari a Bakin Uwa

A ƙauyenmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta shigar masa faɗa, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga shi. Haka muka taso muka tarar. Ni kuwa da kowa ya san bakina ba ya ajiye magana, wannan abu guda na riƙe shi da kyau, har ana misali da ni. 'Yata ta fari ta kai shekara goma sha shida ban taɓa furta sunanta ba. In ina kiranta in ce "ke", in ina zancenta da wasu in ce "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take ce min, domin da shi ta ji ƙannena suna kirana. Rabin ƙuruciyarta a ɗakin surukata ta yi shi, uwar babanta, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune a babban gida can ƙarshen gari. Inna ce mai yabonta, Inna ce mai shigar mata, su yi ta tsokanar juna kamar sa'anni, tana ce mata ƙawata.

Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haifi huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa matan aure da yamma, bayan na sauke tukunyar turarar shinkafa, hannuna duk toka. An yi min dariya, an ce tsohuwar kaza ta shiga koyon cara. Ban fasa ba, daga nan na wuce makarantar manya a Kura, har ga shi yau ina rubuta wannan da hannuna. Don haka duk wanda ya san ni ya san akwai abin da ba na wasa da shi, karatun 'ya'yana. A lokacin da nake ba da labari yarinyar nan tana aji biyar na sakandare, saura shekara guda ta zauna jarrabawar fita, kuma ta ƙwallafa rai a kan karatun jinya.

Abin ya faru ne lokacin dashen shinkafar rani. Babanta yana da gona a cikin filin noman rani, ranar kuma ranar ruwanmu ce, an buɗe ƙofar ruwa, ƙaramin kanal mai kai ruwa gonaki ya cika, fangalolin da ake dasa shinkafa a ciki sun sha sun yi laushi. Asabar ce, babu makaranta, sai na ɗora mata kular dambu ta kai wa 'yan ƙwadago. Tana bin gefen fangali santsi ya kwashe ta, ta faɗa cikin taɓo da fuska. Ta yunƙura ta tashi, hijabin ya sha ruwa ya yi nauyi, ya sake jan ta ƙasa. Sai da rarrafe ta fito. Ta dawo gida idanunta kawai ake gani, muka yi dariya har da ita, Inna da ta ji labari ta aiko a tambayi ƙawarta ko ta kamo mata kifin miya. Ta yi wanka, na sake ɗora tukunya. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Wa ya taso a ƙasar nan bai taɓa shan taɓo ba?

Abin da ba mu sani ba, a gonar da ke maƙwabtaka da tamu akwai wata 'yar ajinsu, 'yar wani mai fataucin tumatir, tana riƙe da wayar yayanta. Tare suka yi firamare, tare suke zuwa Islamiyya, ta sha cin tuwo a tsakar gidana. Ita ce ta ɗauki bidiyon tun daga faɗuwa ta biyu har rarrafen. Ta saka a guruf ɗin da 'yan ajinsu ke hira a waya. Wani ya ɗauka ya ɗora masa sautin dariya, wani ya maimaita wurin faɗuwar ya zama tana ta faɗuwa ba ƙarewa, wani kuma ya rubuta suna a kai da manyan baƙaƙe: Tarwaɗa. Daga nan ya fita daga ajin, ya fita daga makarantar, ya shiga wayoyin samarin bakin titi, har Garun Mallam da Kadawa aka gan shi.

Ni ina nan ina jiƙa shinkafa ina turarawa ina shanya, ban san komai ba. Na dai lura ta rage cin abinci, ta rage magana, kullum ciwon kai. Wata rana muna tsaye a bakin titi za mu je dubiya, wani mai adaidaita ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Tarwaɗa, kasuwar kifi za a kai ki ko ruwa za ki koma?" Yaran cikin adaidaitar suka kwashe da dariya. Na ɗauka shaƙiyancin 'yan titi ne, na bi shi da baƙar magana ya wuce. Da na waiwaya sai na ga ta ja hijabi ta rufe har hancinta. Ban tambaye ta ba. Uwa ba ta tsare 'yar fari da tambaya a bakin hanya.

Asirin ya tonu ne wani hantsi da na kai wa Inna dusar shinkafa don awakinta. Na ɗaga labule na shiga gaishe ta, sai ga yarinyar nan a bayan ƙofa, zaune a kan tabarma cikin yunifom, jakarta a cinya. Ashe kullum za ta yi shiri ta fita kamar mai tafiya makaranta, ta zaga ta bayan gari ta shige ɗakin kakarta, sai an tashi ta fito ta bi sahun masu dawowa. An daɗe ana haka. Inna ta ce min ƙawarta ba ta jin daɗi ne, in bar ta ta huta, kuma in fita mata daga ɗaki da wannan idon nawa. Na ajiye dusar na fita.

Goggonta, ƙanwar babanta, ita ta biyo ni gida ta warware min. Ta ba ni labarin bidiyon, ta kuma faɗa min abin da ake yi mata a makaranta. In ta shiga aji sai a toshe hanci a ce ana jin ƙarni. An taɓa shafa mata taɓo a benci ta zauna a kai ba ta gani ba. Wadda suke zama tare ta ɗauke jakarta ta koma baya. In malama ta kira ta ta yi karatu, daga bayan aji sai a riƙa yin ƙarar faɗawa ruwa da baki, a hankali yadda malama ba za ta gane mai yi ba. Da ta gama sai ta ce, "Yaya, ai abin yana cikin wayarki. Duba ki gani."

Gaskiya ne. A nan yawancin 'yan matan ba su da waya tasu ta kansu. Wayoyin iyayensu mata suke amfani da su. Mu masu sana'ar shinkafa kusan kowace ta sayi babbar waya saboda masu saye daga birni suna son a tura musu hoton kaya, amma da yawa cikinmu ba su iya karatu ba, sai su miƙa wa 'ya'yansu su duba musu saƙo, wayar ta wuni a hannun yarinya. Ni na iya karatu, amma na bar mata tawa da yamma saboda aikin makaranta, kuma ban taɓa buɗe guruf ɗinsu ba. Ina ganin ba girmana ba ne in leƙa hirar 'yar fari.

Ranar na buɗe. Wanda ya koyi karatu da girma bai iya tsallake ba, harafi-harafi yake bi, don haka babu kalmar da ta wuce ni, kowace sai da ta zauna min a ƙirji kafin in kai ga ta gaba. "Tarwaɗa ta fito shan iska." "A kai ta inji a cashe ta ko ta yi fari." "Don Allah wa ke da sabulu, a taimaka wa baiwar Allah." "Kin yi tirendin fa, duk gari an san ki, ki gode mana." Na ga inda suka cire ta daga guruf ɗin, sannan suka sake saka ta don ta ga abin da aka rubuta bayan fitarta. Na ga inda ta rubuta, sau ɗaya tak, cewa don girman Allah su bari, aka amsa mata da hotunan kifi jere. Can ƙasa wata ta rubuta, "Da ni ce wallahi babban kanal zan faɗa in huta." Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san babban kanal ba ya mayar da abin da ya karɓa da rai.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne sunayen da ke saman kowace magana. Tunda lambobin iyayensu ne, kuma ina da su a ajiye, wayata ba sunan yaran take nuna min ba. Sunayen matan da muke sana'a tare take nunawa, da hotunansu, wata da mayafin Sallah, wata riƙe da jikanta. Matar da muke aron tukunya a wurin juna, ga sunanta, a ƙarƙashinsa an ce a cashe 'yata. Matar da na zauna a kanta ranar haihuwarta, ga fuskarta tana murmushi, a ƙarƙashi ana nuna wa 'yata hanyar kanal.

Duk da haka na bi abin ta hanyar da aka saba, domin ba ni ce mai zuwa ba. Na faɗa wa babansu. Mutum ne mai sanyi, ya ce faɗan yara ne, in manya suka yi shiru zai mutu da kansa. Da ya ga ban daina kallonsa ba sai ya sa hula ya je ya ga shugabar makaranta. Matar ta yi iya yinta, ta tara ɗalibai ta yi musu faɗa, ta hana shiga da waya. Sai dai kowa ya gane a kan wa ake magana, aka ƙara mata suna na biyu, mai kai ƙara. Inna da Goggo kuma suka je gidan mai fataucin tumatir. An karɓe su da mutunci, an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa. Aka kira yarinyar ta durƙusa, ta goge bidiyon a gabansu, uwarta ta ce a yi haƙuri, yara ne, ai duk ɗaya muke. Inna ta dawo da murnarta tana cewa an kashe wutar. A ganinta abin kamar tsegumin zaure ne, in an je tushensa an toshe shi ke nan. Ba ta san wanda aka goge ɗaya ne cikin ɗaruruwa ba, ni ma a lokacin ban gama sani ba.

A zamaninmu ma an yi wa mutum waƙar habaici a dandali. Na san zafinta, an yi min. Amma in makaɗi ya ɗauke gangarsa kowa ya watse, ka shiga ɗakin uwarka ka rufe ƙofa, waƙar ta tsaya a waje. Wannan kuwa a cikin ɗakin take, a ƙarƙashin matashin kai, in ka farka da safe ta ƙara 'ya'ya.

Yarinyar nan ta daina ma yin kamar tana zuwa. Ta ninke yunifom ta saka a ƙasan akwati. Wata yamma ina tsaye ina juya shinkafar da na shanya a tsakar gida, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, na ce mata ba tare da na dube ta ba, ranar Litinin za ta koma makaranta, ba shawara nake ba ta ba. Na ci gaba da juya shinkafa, na ɗauka ta amince. Sai ta ce ba za ta koma ba, in koya mata turara kawai, ko a kai ta koyon ɗinki. Na ce ba a gidan nan ba. Na fara faɗa irin nawa, ina lissafa mata yadda na zauna a benci ɗaya da sa'annin ƙannena ina koyon baƙaƙe, ana min dariya ban mutu ba. Ta bari na gama, sannan ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, Inna ta je. Goggo ta je. Baba ma da ba ya son magana ya je. Ke da ko akuya ta ci miki shinkafa sai unguwa ta ji, ba ki ce wa kowa komai ba. Na san na zubar miki da mutunci a gari. Ki bar ni in zauna a ɗaki, ba za a ƙara ganina ba balle a tuna miki."

Na tsaya da matuƙin da nake juya shinkafar da shi a hannu. Ni ina can ina riƙe da abin da aka koya min shi ne mutunci, ina haɗiye wuta don kar a ce ba ni da kara, ita kuma tana nan tana karanta shirun nawa a matsayin na juya mata baya. Yaran yanzu ba su san wannan shirun ba, ba wanda ya fassara musu shi. Sun taso a zamanin da in ana son ka ana rubutawa kowa ya gani, in ana ƙin ka ma haka. Ban san yadda uwa ke ba 'yar fari amsar irin wannan magana ba, ban taɓa ganin an yi ba.

Muna da ƙungiya ta mata masu turarar shinkafa, muna haɗuwa ranar Juma'a bayan an sauko, a gidan shugabarmu, wata dattijuwa da ke da babban dandamalin shanya. A nan ake maganar itace da inji da masu saye. Wannan Juma'ar na yi wanka na sa mayafina mai kyau, na cika wayata da caji na tafi. Na bari aka gama zancen da ya tara mu. Da shugaba ta ce ko akwai mai ƙarin magana, na miƙe.

Na ce na zo ne in karanta musu saƙonnin da suka aiko min, tunda ban samu damar amsa wa kowace ba. Suka dubi juna. Na buɗe, na kira sunan ta farko, na ce wannan daga wayarki ya fito, ga hotonki, na karanta. Wata daga gefe ta yi dariya da ta ji zancen sabulu, ta ga ba wanda ya taya ta, ta haɗiye. Na kira ta biyu na karanta. Na kira ta uku. Ba sauri nake ba, ban iya sauri ba, kuma ban rage ko harafi ba. Mai maganar cashewa ta ce wallahi ita ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta yaya za ta rubuta wannan. Na ce na sani, 'yarki ce ta rubuta, amma da fuskarki ta aiko. Matar mai fataucin tumatir ta miƙe ta ce ai an riga an ba da haƙuri a gaban manya, wannan tozarci ne na zo yi musu, kuma kowa ya san tunda na yi boko nake ganin na fi kowa. Na ce ta zauna, ban zo kanta ba tukuna.

Da na kai ga maganar kanal na kira sunan mai wayar. Mace ce mai haƙuri, ba ta da abokin faɗa, kuma ƙaninta a babban kanal ya rasu suna yara, kowa a wurin ya sani. Na karanta. Ta ce in sake. Na sake. Ta ɗora hannu biyu a ka, ba ta yi kuka da murya ba, ta dai zauna haka tana kallon siminti.

A nan ne shugaba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ke 'yar nan, ya isa. An ji, kuma ba a kyauta ba. Amma ke ma ki duba, 'yar fari ce fa. Ina karar? Ina ta ido? Ba bakinki ya kamata a ji wannan ba, tana da kaka tana da goggo."

Na ce, "Hajiya, kakarta ta je, goggonta ta je, an ba su ruwa sun sha sun dawo. Yarinya tana ɗaki ta ninke yunifom. In kara ce za ta raba ta da karatu, yau na ajiye ta a nan, duk mai so ta ɗauka."

Sannan na faɗi sunanta. Na faɗe shi cikakke, haɗe da na ubanta, yadda ake kira a makaranta. Ya fito min a baki wani iri, kamar na tauna abin da ban taɓa ci ba. Na ce wannan shi ne sunanta, shi aka raɗa mata aka yanka rago, wasunku sun ci naman. Ni na haife ta, 'yata ce, ban taɓa jin nauyin kasancewarta tawa ba ko na rana ɗaya, kuma duk yarinyar da ta sake kiranta da wani suna daga wayar uwarta, zan zo har gida in karanta wa uwar a gaban mijinta. Kaji suna ta tsattsagar shinkafa a bakin dandamali ba mai korarsu. Na gyara mayafina na fita.

Ban lura ba ashe cikin 'yan matan da ke taya shugaba kwashe shanya akwai mai riƙe da waya a ƙarƙashin hijabi tana ɗaukata bidiyo. Kafin la'asar ɗin washegari ni ma na shiga gari. An yanko inda nake nuna yatsa, an ɗora kiɗa, an rubuta Uwar Tarwaɗa. Masu adaidaita suka samu sabon abin faɗa. Ban ce bai yi min zafi ba, ya yi. Mace mai shekaruna a mayar da ita abin dariyar yaran da ta ga ranar sunansu, ba ƙaramin abu ba ne. A kwanakin na ɗanɗani kaɗan daga abin da yarinyar nan ta daɗe tana sha ita kaɗai, na kuma yi mamakin yadda ta kai har haka ba ta karye ba.

Inna ta yi fushi da ni sosai. Na je gaishe ta ta juya min ƙeya, ta ce a zuriyarsu ba a taɓa yin marar ta ido irina ba, na kama sunan 'yar fari a bainar jama'a kamar mai tallan goro. Babansu bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, ya dai ce magana zarar bunu ce. Mata biyu sun daina aron tukunya a wurina, har yau ɗaya ba ta dawo ba. Amma na ji an karɓe wayoyi a gidaje da dama, na ji an yi duka a wasu, abin da ban nema ba kuma ban ji daɗinsa ba. Mai maganar kanal ta zo da 'yarta har gida, ba ta ce a yi haƙuri yara ne ba, ta zaunar da ita a gaban 'yata ta ce ta maimaita abin da ta rubuta da bakinta. Yarinyar ta kasa. Wata kuma ta zo min a ɓoye da wayarta a ƙulle a bakin zane, ta ce in duba mata duk abin da ke ciki in karanta mata, ko mene ne.

Ita kuwa yarinyar nan, da farko haushina ta ji. Ta ce da ita kaɗai ce, yanzu mun zama mu biyu, ko kasuwa ba mai zuwa a gidan nan. Ta wuni ba ta yi min magana ba. Ba ta je taron ba, don haka abin da ta sani shi ne guntun da aka yanka da kiɗa. Sai Goggo ta samo cikakken, wanda ba a taɓa ba, ta turo wayata.

Ranar Lahadi da yamma ina hura wuta a ƙarƙashin tukunya, na hango ta a bayan rumbu da wayar a kunne, ta rage sauti. Ina jin muryata tana fitowa ƙasa-ƙasa, ta kai wani wuri ta tsaya, ta dawo baya, ta sake kaiwa wurin. Na gane wurin. Na ci gaba da tura itace kamar ban gani ba, hayaƙi yana shiga min ido. Can ta taso ta zo ta tsuguna kusa da murhu, ta ɗauki ƙaramin ice tana wasa da toka.

Ta ce, "Ashe haka kike faɗarsa. Kina jan ƙarshen."

Na ce haka aka raɗa shi, ku ne kuke gutsure shi.

Ta yi ɗan murmushi ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni ko gaske ne abin da na ce, cewa ban taɓa jin nauyi ba. Na ce ni ba na maimaita magana, ta ji a waya ai. Sai ta ce in ta koma za su kira ta da sunan, ba za su fasa ba. Na ce za su kira, ni ma ana kirana, jiya ma wani yaro ya kira ni a bakin inji. Ta ce me na yi masa. Na ce na tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya gudu. Ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji a gidan ba, gajeriya, ta katse ta da wuri.

Da safe na ji ana jan akwati. Yunifom ɗin ya yi layin ninki, ta ɗora masa dutsen guga a gaggauce. Na zuba mata koko na ajiye. Da za ta fita na ɗauki mayafina, ta ce a'a, in na raka ta abin zai fi yawa, ita kaɗai za ta je. Na tsaya a zaure ina kallonta ta bi hanyar da ke gefen ƙaramin kanal, ba ta zaga ta bayan gari ba. A bakin gada akwai samari zaune a kan babura. Na ga ɗaya ya ce wani abu, na ga kafaɗunta sun ɗaga, ta rage tafiya. Sannan ta wuce.

Ranar ban yi aikin kirki ba, na bar shinkafa ta wuce lokaci a wuta har ta fashe. Da aka tashi ta shigo da sallama, fuskarta ba yabo ba fallasa, ta ajiye jaka ta cire takalmi. Na tambaye ta yaya makarantar, kai tsaye, ina kallon idonta.

Ta ce sun kira. An toshe hanci da ta shiga, amma ba duka ajin ba. Wadda ta ɗauki bidiyon ba ta dube ta ba sam. 'Yar mai maganar kanal ce ta janye jakarta daga benci ta matsa mata. Malamar lissafi ta ce an wuce ta da nisa, sai ta dage in tana son ta kamo.

Na ce to gobe fa?

Ta ce gobe akwai gwaji, tana buƙatar wayar da yamma, wata za ta turo mata darasin da aka yi ba ta nan. Ta tambaya ko akwai sauran abinci, na ce ta duba kula. Ta ɗauka ta zauna a inuwa tana ci, ta buɗe littafi a gefe.